Gaisuwa a Bayan Labule

Mahmudu mai turare ba ya cikin mutanen da ake gaya wa magana su tsaya su ji ƙarshenta. Kana tsakiyar bayani ya riga ya yanke hukunci, ya taɓe baki, ya koma goge kwalabensa. Shagonsa yana unguwar Hindawiyya a Makka, a wani lungu da direbobin tasi suke tsine wa, a matse tsakanin mai gyaran waya da gidan burodin Afganawa. Yana saurayi ya shigo Makka ta hanyar Sudan. Ya yi dako a Mina, ya tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa, har Allah ya sa ya kama wannan shago. Tun daga ranar ya tabbatar wa kansa cewa duk wanda bai kama shago ba, ko dai wawa ne ko malalaci.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, Usama, yana shekararsa ta ƙarshe a sanawiyya, wato sakandare. Yaro ne dogo, marar surutu, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, kamar sauran yaran da aka haifa a nan. Da aka fara buɗe harkar wasanni a ƙasar, makarantarsu ta kafa sashen masrah, wato wasan kwaikwayo a kan dandamali, aka kawo malami na musamman mai suna Ustaz Abdulilah. Yara suka rabu gida biyu. Akwai masu fitowa gaban jama'a, akwai kuma masu aikin baya, su fitila da sauti da labule da kayan dandamali. Usama ya zaɓi baya.

Wannan zaɓi shi ne ya tsaya wa Mahmudu a maƙogwaro. Da yaron ya ce zai fito ya yi wasa, da ya zage shi ya kira shi ɗan dirama, amma ko ba komai da akwai abin da zai nuna da yatsa ya ce ga abin da nake zagi. Wannan kuwa sai ka ga yaro ya fita da baƙar riga da baƙin wando da baƙin takalmi kamar mai shirin haura katanga, ga dunƙulen salatif rataye a ƙugu, a garin da kowane ɗan mutunci yake yawo da farar jallabiya.

Wata rana bayan abincin rana ya tsare shi.

"Zo nan, ya walad. Wai kai a cikin wasan nan mene ne aikinka?"

"Ni nake ba da ishara, Abuya. Ina zaune a kawalis, bayan labule, da samma'a, wato abin ji da magana, a kunnena. Mai fitila yana jina, mai sauti yana jina, mai labule yana jina. Idan na ce shirya, ya ɗora hannu. Idan na ce yalla, ya danna. Babu wanda zai taɓa komai sai na faɗa."

"Wato ba kai kake kunna fitilar ba."

"A'a, wani ne."

"Ba kai kake jan labulen ba."

"Wani ne."

"Kuma ba ka fitowa."

"Idan aka gan ni, Abuya, to an yi kuskure."

Mahmudu ya juya ya dubi matarsa Suhaila, wadda take kwashe kwanuka.

"Kin ji ko? Masha Allah. Shekara da shekaru ina kai shi makaranta, ashe ɓuya ake koya masa. Da na sani da na haɗa shi da mutanen da ba su da iƙama, takardar zama a ƙasa, su koya masa kyauta."

Suhaila ba ta yi dariya ba. Ita ta san abin da ke ran ɗanta, domin ita yake bi kicin yana yi mata bayanin launin fitilu tana yanka albasa. Ita ce ta gaya wa Mahmudu cewa akwai wata cibiya a Jidda da take horar da masu irin wannan aiki, kuma za ta turo mutum ranar wasan ƙarshen shekara ya zauna ya duba, wanda ya ga ya iya a ɗauke shi. Ta yi ta bin mijin da magana, safe da yamma, har ya gaji.

"Shi ke nan, halas," ya ce. "Idan sun ɗauke shi, ya tafi Jiddan. Idan ba su ɗauke shi ba, ga shago nan yana jiransa, kuma kada in ƙara jin kalmar masrah a gidan nan."

Ya yi wannan alkawari da zuciya ɗaya, domin bai taɓa tunanin akwai mai hankalin da zai taso tun daga Jidda neman yaron da gwanintarsa ita ce kada a gan shi ba.

Abin da ya ƙara wa abin zafi shi ne Baraka. Baraka direban tasi ne, yana zaune can Ka'akiyya inda haya take da sauƙi, kuma tare suka shigo ƙasar da Mahmudu a jirgin ruwa ɗaya. Tun daga lokacin Mahmudu yake kallonsa a matsayin mutumin da Allah ya halitta don a riƙa gwada kai da shi a ji daɗi. To ɗan Baraka, Fahad, ajinsu ɗaya da Usama, kuma shi aka bai wa babban matsayi a wasan. Baraka ya mayar da ƙofar shagon turare tashar hutawarsa.

"Mahmudu, ka ga hoton? An manna a ƙofar makaranta. Fahad ne a tsakiya, an sa masa gemun auduga."

"Na gani. Gemun ya fi na ubansa cika."

"Naka fa? Na duba, na sake dubawa, ban gan shi ba."

"Nawa shi yake ba su umarni."

"Daga ina?"

"Daga baya."

"Allah sarki. Ni ma kullum ina ɗaukar masu ba ni umarni daga baya, amma sitiyari yana hannuna."

Mahmudu ya ce masa ya gyara fakin, yana tare wa masu saye hanya. Babu mai saye ko ɗaya a lungun a lokacin.

Ana cikin haka yayan Mahmudu, Alhaji Datti, ya iso Umra daga Kano tare da ayarinsu, aka sauke su a wani otal kusa da Harami. Datti tsoho ne mai sanyin magana, idonsa ya fara rauni, kuma shi ne babban gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Bai taɓa ganin Usama ido da ido ba sai a waya. Duk zuwan da ya yi gidan ƙanin nasa cin abinci, yaron yana makaranta wajen gwajin wasa. Idan yaron ya dawo, tsohon ya koma Harami. Datti bai ce komai ba, amma Mahmudu yana jin shirun kamar ana ƙirga masa laifi. A gidansu ba a taɓa yi ba, a ce yayan uba ya zo gari ya kwana ya tashi, ɗa bai zo ya durƙusa ba.

Sai ga shi ranar wasan ta faɗo daidai ranar da ayarin su Datti zai wuce Madina. Wasa bayan la'asar, mota bayan magariba. Mahmudu ya yanke shawara zai kai yayansa makarantar, a yi ta ta ƙare a can.

Da safe Usama ya same shi yana shan shayi.

"Abuya, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Kada kowa ya shigo kawalis ana cikin wasa. An hana. Ana rufe labule zan fito da gudu in gaida Baffa, wallahi ko ruwa ba zan tsaya sha ba. Mutumin Jidda yana nan yau. Idan na yi kuskure ɗaya—"

"Kai ne yanzu za ka shata mini inda zan taka?"

"Ba haka ba ne, Abuya."

"Sha shayinka ka tafi. Ka ga rigarka kamar an yi maka rasuwa."

Baraka ne ya ɗauko su a tasinsa, kyauta, kuma ya tabbatar sun san kyauta ce. Mahmudu ya sa babbar rigarsa ta shadda wadda ba ya fito da ita sai Idi, ya yi wanka da turaren da ba ya sayar wa kowa. Datti yana gaba da carbinsa. Ɗakin taron makarantar ya cika da iyaye maza da ɗalibai, ga sanyin na'ura kamar wajen ajiye nama. A layin gaba akwai wani matashi da gemu a gyare da agogo mai tsada, yana riƙe da ƙaramar kwamfuta a cinya, shugaban makaranta yana ta sunkuya masa. Mahmudu ya kalle shi sau ɗaya ya gama da shi.

"Wannan ne mutumin Jiddan? Ko buhun shinkafa bai taɓa ɗagawa ba."

Aka rage fitilu, labule ya buɗe. Wasan labarin wani tsohon mai yi wa alhazai jagora ne a zamanin da, wanda wani mahajjaci ya ɓace masa a Mina ana tsakiyar ruwan sama. An kafa tantuna a dandamali, an tsayar da wani babban katako a gefe an yi masa fenti ya zama dutse. Mahmudu, wanda ya san Mina da tafin ƙafarsa da ƙashin bayansa, ya yi tsaki har na gaba suka waigo.

"Dutsen Mina ke nan? Katako? Ai ko akuya ta jingina da shi sai ya faɗi."

Amma abin yana tafiya sumul. Rana ta fito a hankali a kan tantunan, ta yi ja, hadari ya haɗu, aka ji rugugin tsawa ta lasifika daidai lokacin da walƙiya ta haska, har Datti ya ce "Subhanallah" ya ɗaga kai yana duba rufin. Mahmudu ya ga duk wannan, ya ɗauka aikin na'ura ne. An ƙera ta a China, an danna, ta yi. Bai ga inda ɗansa ya shigo a ciki ba.

Fahad kuwa yana tsakiyar dandamali da gemun audugarsa da sanda, yana ɗaga murya. Baraka ya miƙa wuya ta gaban Mahmudu.

"Alhaji, ka ga wancan mai sandar? Nawa ne. Fahad."

"Kai, madalla," Datti ya ce. "Allah ya yi masa albarka. Murya kamar ta liman. Mahmudu, namu fa? Wanne ne namu?"

"Yana ciki, Yaya."

"Wancan mai tulun?"

"A'a."

"Ko wancan da ya kwanta?"

"Ba shi ba ne, Yaya. Yana baya. Shi yake lura da su."

"Yana lura da su," Baraka ya maimaita, yana kallon gaba, bakinsa yana motsi.

Can bayan wani lokaci Datti ya sake tambaya, domin tsufa ya sa ya manta ya riga ya tambaya. Mahmudu ya sake ba shi amsa ɗaya. Tsohon ya duba agogonsa, ya kawo shi kusa da ido, sannan ya dafa gwiwar ƙaninsa ya ce a hankali:

"Ba komai, Mahmudu. Yaran yanzu da ayyuka. Idan lokaci ya ƙure ban gan shi ba, ka gaishe mini da shi."

Datti da gaskiya ya faɗi wannan magana, babu komai a ƙarƙashinta. Amma Mahmudu ba haka ya ji ta ba. Shi abin da ya ji shi ne, yayansa zai koma Kano ya zauna a soro, 'yan'uwa su kewaye shi su ce yaya ka baro su Mahmudu, ya ce lafiya lau, sai dai ɗan nasa ban gan shi ba, ni na aika masa da gaisuwa. Babba ya aika wa yaro gaisuwa! Ya ji dariyar matan gidan tun daga nan. Ya ji ana cewa ai haka 'ya'yan Makka suke, sun zama Larabawa, ba su san kowa ba. Ga kuma Baraka a gefe yana kaɗa ƙafa.

Ya miƙe tsaye.

"Taso, Yaya. Yanzu za ka gan shi."

"A'a, bari a gama mana."

"Taso. Ɗana ne, ba ɗan makaranta ba."

Ya riƙo hannun tsohon suka bi ta gefen bango, suna take wa mutane ƙafafu, har wata ƙaramar ƙofa kusa da dandamali. An manna takarda a jikinta da manyan baƙaƙe cewa an hana shiga. Mahmudu ya karanta, domin ya iya karanta wannan kalmar tun zamanin da yake gudun 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, da kayan talla, kuma tun zamanin bai taɓa ɗauka da shi ake ba. Ya tura ƙofar.

Ciki duhu ne, sai wata 'yar shuɗiyar fitila a kan wani ƙaramin tebur. Wayoyi a ƙasa an bi su da salatif an manne. Yara cikin baƙaƙen kaya suna tsaye a jikin bango kamar inuwa, ba mai tari. A gaban teburin, bayan katakon nan da ya zama dutse, Usama yana zaune a kan kujera marar jingina, samma'a a kansa, idonsa yana kan dandamali ta wata 'yar kafa, bakinsa yana motsi a hankali. An zo wurin da ya fi kowane wuri wuya a wasan. Za a kashe duk fitilu, yara su shiga cikin duhu su kwashe tantuna, sannan fitila ɗaya tak ta sauko a kan Fahad yana tsaye shi kaɗai yana kiran sunan mahajjacin da ya ɓace.

Ƙamshin turaren ne ya fara isa wurin Usama. Ya waigo, ya ga ubansa da baffansa a tsaye a kansa. Idonsa ya fito. Bai cire samma'ar ba, bai tashi ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar a dakata masa kaɗan, ya mayar da kai ga dandamali ya ce a hankali:

"Kashe duka... yalla."

Duhu ya rufe ɗakin gaba ɗaya, kamar yadda aka tsara. Yaran suka sulale suka shiga kwashe tantuna. Saura kalma ɗaya a bakin Usama, fitilar Fahad.

Amma Mahmudu yatsan nan kawai ya gani. Ya miƙa hannu ya fizge samma'ar daga kan yaron.

"Yatsa? Ni kake ɗaga wa yatsa a gaban yayana? Kana zaune, da toshe a kunne?"

"Abuya, don Allah, minti ɗaya. Wallahi minti ɗaya, ba ni—"

"Durƙusa."

"Abuya, fitila—"

"Na ce durƙusa ka gaida baffanka."

Wata 'yar siririyar murya tana fitowa daga samma'ar, muryar yaron da yake kan fitilu can bayan ɗakin, yana cewa "Usama? Usama?" Mahmudu ya mayar da hannunsa baya ya ɓoye ta a cikin babbar riga. Usama ya kalli hannun rigar. Ya kalli ubansa. In maganar ƙarfi ake yi, ya fi uban tsawo, kuma fizgewa ɗaya ta isa. Amma ba a haka aka raine shi ba. Ya sauko daga kujerar ya durƙusa a kan wayoyin.

"Baffa, ina wuni."

"A'a, a'a! Usama ne wannan? Lafiya lau, ɗana, lafiya lau. Kai, ka girma. Yaya karatu?"

"Alhamdu lillahi."

"Yaya zafin garin naku?"

"Alhamdu lillahi."

"Yaya ƙoƙari? Yaya haƙuri da mu? Gwaggonka tana gaishe ka. 'Yan'uwanka su Minnatullah duk suna gaishe ka, kullum sai sun kalli hotonka."

"Ina amsawa, Baffa."

Tsohon bai san abin da ake ciki ba. Shi dai an kawo shi wani lungu mai duhu, an ce ga ɗan ƙaninsa, kuma ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya lalubo kan yaron ya dafa, ya fara addu'a. Datti kuwa idan ya fara addu'a ba ya tsallake kowa, tun daga iyaye da kakanni har zuriyar da ba a haifa ba. Ba a yanke wa babba addu'a. Usama yana durƙushe yana cewa amin.

A cikin ɗaki kuwa duhu ya wuce yadda duhun wasa yake. Da farko mutane sun yi shiru, sun ɗauka fasaha ce. Sai wani ya yi tari. Sai wani ɗalibi ya yi fito, wani ya amsa masa daga can baya. Aka fara kunna fitilun waya. Mai fitila yana zaune da yatsa a kan maɓalli, an koya masa shekara guda cewa kada ya danna sai an ce ya danna, kuma ba a ce ba. Fahad ya gaji da tsayuwa, ya ga idan ya ƙara jira wasan ya mutu, sai ya fara kiran sunan mahajjacin a cikin duhu, yana takawa yana laluben hanya da sanda. Ƙafarsa ta harɗe da igiyar tanti. Ya tafi gaba ɗaya ya rungumi dutsen Mina, dutsen Mina kuwa ya yi abin da Mahmudu ya ce zai yi, ya kife a tsakiyar dandamali da ƙara kamar an rufe ƙofar gareji.

A nan mai fitila ya yanke wa kansa hukunci. Ya kunna komai da komai.

Haske ya cika dandamali fal. Ga Fahad a ƙasa, gemun auduga ya koma kunne. Ga yara cikin baƙaƙen kaya sun daskare da tantuna a hannu kamar ɓarayin da aka kama. Ga kuma inda dutse yake a da, fili ya buɗe, duk ɗakin yana kallon wasu dattawa biyu cikin manyan riguna, ɗaya ya ɗaga hannu yana addu'a, da wani dogon yaro durƙushe a gabansu.

Ɗakin ya fashe da dariya. Ɗalibai suna buga kujeru. Wasu iyayen da ba su gane ba suka fara tafi, suna zaton cikin wasan ne. Mahmudu ya kalli wannan taro, ya ga duk idanu a kansu, ya ga Baraka ya miƙe tsaye baki buɗe. Sai ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga hannu ya gaida jama'a, samma'ar tana lilo a tsakanin yatsunsa.

Aka ja labule. Ustaz Abdulilah ya shigo da gudu, fuskarsa ta yi fari kamar alli. Ya buɗe baki ya rufe, domin shi ma an raine shi kada ya ɗaga wa dattijo murya.

"Ya ammi," ya ce da ƙyar, "ka san abin da ka yi wa yaron nan?"

"Na koya masa abin da kai ba ka koya masa ba," Mahmudu ya ce, ya ajiye samma'ar a kan tebur kamar wanda ya biya kuɗin shayi. "Mu je, Yaya, kada mota ta tafi ta bar ka."

Usama ya tashi ya karkaɗe gwiwa. Bai kalli kowa ba. Ya mayar da samma'ar kansa, ya ce a tayar da dutse, a gyara wa Fahad gemu, a shirya. Suna fita suka ji muryarsa a bayansu, a hankali, tana cewa yalla. An ce ya kai wasan har ƙarshe ba tare da wani kuskure ba. Mahmudu bai tsaya gani ba.

Dole Baraka ya baro wasan ɗansa ya kwashe su a tasi, tun daga makaranta har kusa da Harami yana canza giya da ƙarfi kamar giyar ce ta yi masa laifi. Datti kuwa ransa fari tas.

"Mahmudu, ka yi tarbiyya. Yaro mai ladabi, ka ga yadda ya zube? Zan gaya musu a gida." Ya ja carbi kaɗan, sannan ya ƙara da cewa, "Amma abin ya ba ni mamaki. Ashe a nan ma ana ɗauke wuta?"

"Wani lokaci, Yaya," Mahmudu ya ce.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Cibiyar Jidda ta ɗauki yaron nan mai fitila. Ustaz Abdulilah ya kira mutumin a waya ya yi masa bayani, ya sake kira, ya rantse masa cewa a duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga mai natsuwar Usama ba. Mutumin ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma shi abin da ya gani da idonsa shi ne mai ba da ishara ya bar wurinsa ana tsakiyar wasa, kuma ba zai iya rubuta abin da bai gani ba. Suhaila ta yi kuka a kicin, ta daina yi wa mijinta magana sai ta dole. Mahmudu ya karɓi labarin yana cin dabino.

"Da ma na faɗa. Wa zai ɗauki mai ɓuya? Gobe ya sa farar riga ya same ni a shago."

Washegari Usama ya sa farar riga ya same shi a shago. Dunƙulen salatif ɗin kuwa, Mahmudu ya karɓe, yana ɗaure kwalayen turare da shi, yana yabon ƙarfinsa.

Tun daga ranar, kullum da safe, Usama yana isowa ƙofar shago sai ya durƙusa har ƙasa a kan titi, a gaban mai gyaran waya da masu layin burodi, ya gaida ubansa gaisuwa cikakkiya. Ina kwana, yaya gajiya, yaya kasuwa, yaya jiki, ba ya tsallake ko ɗaya. Idan Mahmudu ya fita sallar azahar ya dawo, ya sake durƙusawa. Alhazan Najeriya da suke shigowa sayen turare suna mamaki, suna cewa ashe har yanzu akwai irin waɗannan yara a Makka. Mahmudu yana shafa gemu yana cewa ai tarbiyya daga gida take.

Bayan gaisuwar kuwa babu wata magana. Idan aka ce miƙo, ya miƙo. Idan aka ce zauna, ya zauna, hannu a cinya, ido a kan titi.

Akwai wata doguwar fitila a saman kantar da ake jera kwalabe masu tsada. Ta fara kyaftawa, ta yi kwanaki tana yi, rannan ta mutu gaba ɗaya, kwalaben suka koma kamar na man ja. Mahmudu ya yi ta jira ya ga ko yaron zai tashi. Da ya gaji ya ce:

"Kai, ba ka ga fitilar nan ta mutu ba?"

"Na gani, Abuya."

"Ba aikin da ka koya ke nan ba? Me ya hana ka gyara?"

"Ba ka ce ba, Abuya."

Mahmudu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya leƙa waje ya kira mai gyaran waya ya zo ya taya shi ganin abin mamaki.

"Ka gani ko? Shekara guda yana karatun fitila. Yaran yanzu ba su da kai ko kaɗan, komai sai an gaya musu."